Daga Shikago Zuwa Wasiyyar 1850: Bin Sawun Gidan Shields a Takardun Ƙidayar Amurka

A watan Oktoban 2009 jaridar New York Times ta fitar da sakamakon binciken da wakilanta Rachel Swarns da Jodi Kantor suka yi tare da Megan Smolenyak, ƙwararriya wajen tono salsalar iyalai, a kan asalin Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta wajen uwa. An faro daga mahaifiyarta, Marian Shields Robinson, haifaffiyar Shikago a 1937, aka yi ta ja da baya har aka tsaya a kan wata yarinya baiwa 'yar shekara shida mai suna Melvinia, wadda sunanta ya fito a wasiyyar wani mai gandu a Karolina ta Kudu a 1850. Ga yadda silsilar take: Purnell Shields ya haifi Marian, Robert Lee ya haifi Purnell, Dolphus ya haifi Robert Lee, shi kuwa Dolphus ɗan farin Melvinia ne.

Duk mutanen nan talakawa ne: ma'aikaciyar gona, kafinta, lebura, mai ɗinki, mai fenti. Babu wanda ya bar tarihinsa a rubuce. Abin da ya saura shi ne abin da ma'aikatan hukuma suka rubuta a kansu, kuma kusan duk wata tangarɗa da ake gamuwa da ita a takardun ƙidayar Amurka ta faɗo a kan wannan gida guda. Aikin ya nuna ƙarara cewa ƙarfin ƙidaya yana wajen faɗin wa ke zaune kusa da wa, a ina, a wace shekara. Sunan mutum da shekarunsa da launin fatarsa kuwa, maganar wani ce da galibi ba a san ko wane ne ba, wani kuma ya ji ya rubuta da hannunsa.

Inda ake farawa

Tun 1790 Amurka take ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma. Jimillar alƙaluma ana sanar da ita ba da jimawa ba, amma takardun da ke ɗauke da sunayen mutane gida-gida sai sun shekara 72 a kulle. A 2009 ƙidayar 1930 ce ta ƙarshe da ke buɗe, Marian kuwa 1937 aka haife ta, ke nan ba ta cikin ko ɗaya daga takardun da masu binciken za su iya gani. Matakin farko dole daga wani wuri ya fito: bakin dangi, takardar aure, takardar shaidar mutuwa, sanarwar rasuwa a jarida. Wanda zai maimaita aikin yau ya fi su samun sauƙi, domin an buɗe ta 1940 a Afrilun 2012, ta 1950 a Afrilun 2022. Ta 1960 sai Afrilun 2032. Ana ganin hotunan shafukan kyauta a FamilySearch, ana samunsu a Ancestry da kuɗi, dukansu dandalin intanet ne na binciken salsala, ta 1950 kuma Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta ɗora ta a intanet da kanta.

Ƙa'idar aikin guda ce, kuma ita aka fi karyawa: a koma baya ƙidaya ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Kafin a yarda cewa mutumin da aka gani a 1920 shi ne na 1930, a samu suna ya dace, shekaru sun dace ko da bambancin biyu zuwa uku ne, jihar haihuwa ta dace, sannan a ga aƙalla mutum ɗaya na cikin gidan ya maimaitu, uwa ko ƙane ko mata. Mai gaggawa da ya tsallaka daga 1930 zuwa 1900 don ya ga suna iri ɗaya, sau da yawa gidan wasu yake shiga, kuma duk abin da ya gina daga nan ba nasa ba ne.

Ta 1940 tana da wata fa'ida da waɗanda suka gabace ta ba su da ita: ma'aikacin ƙidaya yakan sa alamar X cikin da'ira a gefen sunan wanda ya ba da amsa. A na baya ba a san mai maganar ba. Yana iya zama maigida, yana iya zama yaro ɗan shekara goma sha biyu, yana iya zama maƙwabci idan an tarar da gidan a rufe.

Shikago da Birmingham

Purnell, wanda aka haifa a 1910, ya zo Shikago ne tare da mahaifiyarsa Annie, mai sana'ar ɗinki, cikin ayarin baƙaƙen fata kimanin miliyan shida da suka bar Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma daga shekarun 1910 zuwa 1970. A irin wannan gida gurbin jihar haihuwa shi ne jagora. Idan an ga uwa da manyan yara an rubuta musu Alabama, ƙananan yara kuma Ilinoi, jihar da Shikago take, to ƙaurar ta faɗo tsakanin haihuwar na ƙarshen rukunin farko da na farkon rukuni na biyu. Sai dai ƙidaya jiha kawai take faɗa, ba gari ba, ba gunduma ba. Takardar aure ko ta mutuwa ce ke kai mutum Birmingham, birnin jihar Alabama inda gidan Dolphus ya zauna.

Robert Lee Shields ya auri Annie Lawson a 1906, ya yi aikin lebura da hidima a jirgin ƙasa, sannan wajen shekara 32 da haihuwa sunansa ya daina fitowa a takardun hukuma. Ɓacewa irin wannan tana da fassara fiye da ɗaya: mutuwa, rabuwar aure da ƙaura, tsallake daga ma'aikacin ƙidaya, ko kuskuren wanda ya kwafi sunan zuwa fihirisa. Ko da an ga mace an rubuta mata mijinta ya mutu, kada a rufe littafi a nan, don mata da yawa da aurensu ya mutu sukan faɗi haka ne gudun surutu. Wuraren dubawa su ne rajistar mutuwa ta Alabama, wadda ta fara a 1908, da katunan rajistar shiga soja na 1917 da 1918, waɗanda suka tattara maza kimanin miliyan 24 tare da adireshi da wurin aiki, wasu ma har da sunan ɗan'uwa mafi kusa.

Lissafin shekaru ma yana da tarko. Ranar da ake auna shekarun mutum da ita ta yi ta sauyawa: 1 ga Yuni a 1870, 1880 da 1900, 15 ga Afrilu a 1910, 1 ga Janairu a 1920, 1 ga Afrilu daga 1930. Mutumin da aka rubuta wa shekara 20 a 1880 an haife shi ne tsakanin 2 ga Yunin 1859 da 1 ga Yunin 1860, idan ma amsar gaskiya ce. Jaririn da aka haifa bayan ranar ƙidaya bai kamata ya shiga ba, ko da ma'aikacin ya same shi a goye. Ga waɗanda aka haifa cikin bauta kuwa, ba a rubuta musu ranar haihuwa ba, ƙiyasi ake yi, shi ya sa shekarunsu suka cika taruwa a kan 30, 40, 45, 50. Bambancin shekara biyar tsakanin ƙidaya biyu ba ya kore cewa mutum ɗaya ne.

Dolphus ya fi kowa barin sawu. Kafinta ne, ya iya karatu da rubutu, ƙidayar 1900 ta nuna gidan da yake ciki a Birmingham nasa ne, zuwa 1911 ya buɗe shagonsa na kafinta da wasa kayan aiki, yana kuma cikin waɗanda suka kafa majami'u biyu na Baftis a garin. Ya rasu a 1950 yana da shekara 91. Aure huɗu ya yi, kuma a nan ne mai bincike ke iya zamewa, domin ƙidaya tana danganta kowa da maigida ne kawai. Matar da aka rubuta a layi na biyu ba lallai ita ta haifi yaran da ke ƙasanta ba. Ƙidayar 1900 da ta 1910 suna ba da abin warware wannan: shekarun da aka yi da aure, yawan 'ya'yan da mace ta haifa, da yawan waɗanda ke raye. Idan auren shekara uku ne yaron kuma yana da sha huɗu, a nemi wata uwar. Ta 1910 ma takan bambanta auren fari da na baya da alamar M1 da M2. Ta 1900 ita ce ke ba da wata da shekarar haihuwar kowa, amma kada a ruɗu da tsafta irin tata, wasu ma'aikatan daga shekarun da aka faɗa musu suke lissafo shekarar haihuwar.

Mahaifiyar Robert Lee ita ce Alice Easley, matar Dolphus ta fari. A riƙe sunan Easley, zai yi amfani a gaba.

Giɓin shekara ashirin

Ranar 10 ga Janairun 1921 gobara ta tashi a ginin Ma'aikatar Kasuwanci a Washinton, inda aka ajiye takardun ƙidayar 1890. Wuta ta ci wasu, ruwan kashe gobara ya jiƙa wasu, abin da ya rage kuma aka lalata shi a shekarun 1930. Daga cikin mutum kusan miliyan 63, sunaye kimanin 6,000 kacal suka tsira. Saboda haka daga 1880 sai 1900. Yarinyar da aka haifa a 1881 tana iya girma ta yi aure a 1899 ba tare da ta taɓa fitowa a gidan ubanta ba.

Haihuwar Robert Lee da ƙaurar Dolphus daga Jojiya zuwa Birmingham duk cikin wannan giɓi suka faɗo, a shekarun 1880. Abin cike shi a birni shi ne kundin adireshin mazauna gari da kamfanoni kan buga kusan kowace shekara, mai ɗauke da sunan magidanci da sana'arsa da titinsa. A biranen Kudu akan sa wa baƙaƙen fata alama ko a ware musu sashe daban, don haka a duba duka biyun. Shekarar da suna ya fara fitowa ita ce iyakar lokacin isowa. Shi kansa Birmingham a 1871 aka kafa shi, neman wani a can a ƙidayar 1870 ɓata lokaci ne.

1880 da 1870

Ƙidayar 1880 ce ta fara rubuta dangantakar kowa da maigida, ta kuma tambayi jihar da aka haifi uban mutum da uwarsa. Ga wanda aka haifa a Jojiya amma uwarsa daga Karolina ta Kudu aka kawo ta, wannan gurbi kaɗai yana iya juya akalar bincike zuwa wata jihar. Kowace shekara a duba shi, a jera amsoshin, a fi ba da nauyi ga wadda aka bayar lokacin da uwar ke cikin gidan.

Ta 1870 ita ce ta farko bayan 'yanta bayi a 1865, kuma ita ce ta farko da ta ambaci yawancin baƙaƙen fatar Amurka da sunayensu. Shafi guda layi 40 ne. Ana rubuta lambar gida da lambar iyali bisa yadda ma'aikacin ya bi su, sai suna, shekaru, jinsi, launi, sana'a, darajar fili da ta dukiya, jihar haihuwa, da ko mutum ya iya karatu da rubutu. A nan aka sami Melvinia a gundumar Clayton ta jihar Jojiya, kudu da Atlanta, tana ɗauke da sunan Shields, tana aikin gona, da yara huɗu. Uku daga cikinsu, har da Dolphus, an sa musu harafin M na mulato, wato ruwa biyu. Ɗaya daga cikin yaran an haife shi shekara huɗu bayan ƙarewar bauta. Gonar da take aiki tana maƙwabtaka da ta Charles Shields, farar fata, ɗan Henry Shields, tsohon ubangijinta.

Abubuwa uku ne za a yi hattara da su a wannan shafi. Na farko, 1870 ba ta da gurbin dangantaka. Cewa yaran nata ne fahimta ce daga tsarin jerin, domin al'adar ma'aikatan ita ce maigida, sai mata, sai yara daga babba zuwa ƙarami, sai sauran mazauna. Bayan yaƙin basasar Amurka gidaje da yawa sun ɗauki marayu da 'ya'yan 'yan'uwa, don haka sai wata takarda ta tabbatar. Na biyu, harafin launi ganin idon ma'aikacin ne. Mutum ɗaya yana iya zama M a 1870, B na baƙar fata a 1900 lokacin da aka cire rukunin mulato ɗungurungum, ya koma mulato a 1910 da aka dawo da shi, kafin a soke shi baki ɗaya a 1930. Na uku, lambobin gidaje suna bin sawun ma'aikacin ne, ba taswira ba ce. A ƙauye gida mai lamba 212 da mai 213 galibi maƙwabta ne, amma yana iya yiwuwa a nan ya tashi aiki ya faro washegari daga wata hanyar. Ranar da ke saman shafi da takardun mallakar fili su ke raba gardama.

Wanda bai sami nasa a 1870 ba kada ya yanke ƙauna. Hukumar ƙidaya da kanta ta ƙiyasta daga baya cewa an tsallake sama da mutum miliyan ɗaya a jihohin Kudu, kimanin rabin miliyan daga ciki baƙaƙen fata. Ga kuma cewa daga 1850 zuwa 1870 akan kwafi takardun da hannu don a raba wa gunduma da jiha da tarayya, wanda ke intanet kuma sau da yawa kwafin ne, da kurakuran mai kwafa. A Jojiya rajistar haraji ta bayan yaƙi tana taimakawa, don takan jera 'yantattun maza tare da sunan wanda suke wa aiki, sai dai mace irin Melvinia ba za ta fito a jerin masu biyan kuɗin kai ba.

Inda sunaye suka ƙare

A 1850 da 1860 takarda daban aka yi wa bayi. Sunan ubangiji ne a sama, ƙarƙashinsa kowane bawa layi guda: shekaru, jinsi, launi. Babu suna, in ban da 'yan kaɗan da suka kai shekara ɗari a 1860. Mutum kusan miliyan huɗu aka ƙirga haka a shekarar. Daga nan binciken ya daina zama na gidan Melvinia, ya koma na gidan waɗanda suka mallake ta, domin a idon dokar lokacin dukiya ce, kuma a takardun dukiya ake samunta.

Matakin farko shi ne tsayar da wanda ake zato. Suna ɗaya da maƙwabtaka a 1870 sun nuna gidan Henry Shields, mai gona eka 200 a Rex, inda ake noma alkama da masara da dankali da auduga. Na biyu, a mayar da shekaru baya: wadda aka haifa wajen 1844 za ta zama mace 'yar 15 ko 16 a 1860, a kuma sa ran jariri namiji kusa da ita. Bayi uku kawai ke gonar Shields lokacin da aka kawo ta, don haka daidaitawar ba ta da wuya. A gandu mai bayi hamsin 'yan mata masu wannan shekaru za su kai huɗu ko biyar, kuma babu abin da zai ce ga wadda ake nema. Ko a ƙaramar gona ma, layi marar suna alama ce kawai. A tuna kuma bawan da aka ba da haya yana iya fitowa ƙarƙashin wanda ya ɗauke shi aiki.

Iyakokin gundumomi ma suna yaudara. A 1858 aka yanko Clayton daga gundumomin Henry da Fayette, saboda haka wanda ya nemi mutanen wannan yanki a Clayton a ƙidayar 1850 ba zai ga komai ba. Gundumar Bartow, wadda za ta shigo labarin, Cass ake ce mata kafin 1861. Tsofaffin takardun kotu kuma suna zama ne a gundumar da aka yi su, ba sa bin sabuwar iyaka.

Mabuɗin ya fito ne ta wajen mata. Matar Henry Shields, Christianne, 'yar David Patterson ce na Spartanburg a Karolina ta Kudu, mai bayi 21. Patterson ya rubuta wasiyya a 1850, ya ambaci Melvinia da suna a cikin kayan da zai bari, tare da dabbobi da kayan gida. Ya mutu a 1852, aka yi mata kuɗi dala 475, aka kai ta Jojiya wurin 'yarsa da surukinsa. Haka bayi da yawa suka riƙa sauya gida, ta hanyar gadon 'ya'ya mata da kyautar aure, sunan gidan kuma ya sauya tare da su. Wanda ya tsaya a kan mazan gidan Shields kaɗai, uba da kaka, ba zai taɓa cin karo da sunan Patterson ba. Don haka da zarar an tsayar da ubangijin da ake zato, a nemi sunan gidan su matarsa, a nemi inda ubanta ya mutu, a buɗe fayil ɗin gadonsa.

Fayil ɗin gado ba wasiyya kaɗai ba ne. Akwai jerin kaya da kimarsu da masu ƙiyasi suka yi, akwai takardar gwanjo idan an sayar, akwai ta rabo, akwai rahoton shekara-shekara na mai kula da gado, akwai rasiɗan magada. Wasiyya niyyar mamaci take faɗa. Abin da ya faru a zahiri yana cikin takardar rabo da rasiɗai, domin bashi ko mutuwar magaji kan sauya komai. Kuskuren da aka saba yi shi ne karanta taƙaitaccen bayanin wasiyya da wata ƙungiyar tarihi ta buga, alhali tsofaffin irin waɗannan littattafai sukan tsallake sunayen bayi.

Me ya tabbatar da cewa Melvinia ta wasiyyar ita ce ta Jojiya? Sunan ba gama-gari ba ne, shekarun sun dace, auren Christianne ya haɗa gidajen biyu. Sai kuma hujjar da ta fito daga ƙidayar kanta. Takardun baya sun nuna Melvinia ta bar Clayton tana tsakanin shekara talatin da arba'in da wani abu, ta koma gundumar Bartow kusa da iyakar Alabama, inda ta haɗu da Mariah da Bolus Easley, waɗanda su ma bayi ne a gandun Patterson tun tana ƙarama. 'Yarsu Alice ita ce Dolphus ya aura. Wannan ba ya fitowa ga wanda ya buga suna a akwatin bincike ya karanta layi ɗaya ya rufe. Sai an karanta shafi biyar gaba da biyar baya, an fitar da duk gidan baƙar fata da aka rubuta wa manyansa Karolina ta Kudu, an gwada sunayensu da na jerin kayan gadon. Lura kuma cewa daga gandu ɗaya suka fito amma babu wanda ya ɗauki sunan Patterson, ita Shields, su Easley. Zancen cewa kowane 'yantacce ya ɗauki sunan ubangijinsa na ƙarshe zato ne na farawa, ba doka ba.

Wane ne uban Dolphus

Ƙidaya ba ta amsa wannan ba, kuma rahoton 2009 bai ambaci kowa ba. Lokacin da Melvinia ta haihu wajen 1859 tana da kimanin shekara 15, Henry Shields ya kusa hamsin, yana da 'ya'ya maza huɗu tsakanin 19 da 24, ga kuma sauran mazan da ke shiga gonar. Mai karatu da ya saba da hukuncin fiƙihu, inda ɗan da ubangiji ya haifa da kuyangarsa ɗa ne mai 'yanci da gado, sai ya ajiye wannan a gefe. A Amurka, tun dokar Bajiniya ta 1662, ɗa matsayin uwarsa yake bi. Dolphus bawa aka haife shi ko wane ne ubansa, kuma babu takardar da ta wajabta wa wani farar fata ya amsa shi.

A 2012 Swarns ta sanar da sakamakon gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, tsakanin zuriyar Dolphus da zuriyar Henry Shields farar fata. Ya nuna jini ɗaya ne, kuma Charles, wanda ke da kimanin shekara 20 a lokacin, shi aka fi kyautata zato a kansa. Gwajin gida yake nunawa. Ware mutum ɗaya daga cikin 'yan'uwa maza kuwa ya jingina ne da takardu, ciki har da wancan shafi na 1870. Irin mu'amalar da ke tsakaninsu ba ta cikin kowane gurbi. Abin da aka sani tabbas shi ne yarinya ce 'yar sha biyar a gidan da ya mallake ta, kuma doka ba ta ba ta ikon cewa a'a ba. Masu rubuta tarihin iyali da ke kiran irin wannan soyayya suna faɗin abin da takarda ba ta faɗa ba.

Sunan da ya sauya

A ƙarshen rayuwarta a Kingston, cikin gundumar Bartow, da Mattie McGruder aka san Melvinia. Wanda ke neman Melvinia Shields a 1920 ko 1930 zai yi zaton ta mutu, alhali ta kai 1938, ta haura shekara 90. Maganin wannan shi ne a bar sunan gida fanko, a nemi mace baƙar fata haifaffiyar Karolina ta Kudu tsakanin 1840 da 1850 a gundumar, ko a bi ta gidajen 'ya'ya da jikoki, inda tsohuwa kan fito a matsayin uwa ko kaka ko suruka.

Don kauce wa bambancin rubutu akwai tsarin Soundex, wanda ke riƙe harafin farko ya mayar da baƙaƙe uku na gaba lambobi bisa kamannin sauti. Shields da Sheilds duk S432 ne, McGruder da Magruder duk M263, Easley da Esley duk E240. Amma Shiels, da harafin d ya faɗi, S420 ne, ba zai fito tare da su ba. Idan mai kwafa ya karanta babban S a matsayin L, abin da ya zama ruwan dare a rubutun hannu na lokacin, tsarin ba zai cece ka ba sam. Tsohon fihirisar Soundex ta 1880 ma gidaje masu yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa kawai ta ɗauka. Alamar tauraro a madadin haruffa a akwatin bincike, kamar Sh*lds ko M*lvin*, takan kamo abin da ya kuɓuce. In duk sun gaza, sai a buɗe shiyyar ƙidayar a karanta shafi-shafi. Kowane abin da aka samu a rubuta shekara, jiha, gunduma, lambar shiyya, shafi, layi da lambar gida. Inda aka duba ba a samu ba shi ma a rubuta, don kada a maimaita.

Takardar shaidar mutuwarta ta samu ne saboda Jojiya ta fara rajistar mutuwa a 1919. Irin wannan takarda abin dogaro ce kan rana da wurin mutuwa, amma kan haihuwa da iyaye iyakar sanin mai ba da bayani ce, kuma ɗan'uwan da ya sa hannu a tata ya ce bai san sunayen iyayenta ba. Mai son wuce 1850 Spartanburg zai koma. Ƙidayar 1840 ba ta da ita, tunda ba a haife ta ba, bayi kuma a lokacin adadi ne kawai cikin rukunin shekaru. Abin yi shi ne a fitar da matan da ke tsakanin 20 da 45 a jerin bayin Patterson na 1850, a gwada su da sunayen da ke jerin kayan gado na 1852, a lura da tsarin da aka jero su, domin masu ƙiyasi sukan rubuta uwa da ƙananan 'ya'yanta a jere, wani lokaci da kuɗi ɗaya. Bayan haka sai littattafan cinikin fili da bayi na gundumar, da fayilolin gadon mahaifin Patterson da na surukansa, da littattafan zaman majami'un Baftis na yankin, waɗanda sukan rubuta bayi mambobi da sunan yanka tare da sunan mai su.